Rarar Inci Huɗu ta Dogo Tela

"Duk abin da aka ɗora a kan taya biyu a duniyar nan, ni Dogo na hau shi, ko kuma na hau yayansa. Shekara ashirin da uku ina kan babur, ban taɓa kai shi ƙasa ba. Ku je ku tambayi kwalta, ko launin gwiwata ba ta sani ba."

Wannan shi ne karatun da Dogo Tela ke biya wa mutanen layinsu kowace safiya, tef rataye a wuya, alli maƙale a kunne, tun kafin ya buɗe shago.

Abokina, kafin mu yi nisa bari in gyara maka hoton da ka zana a ranka. Dogo ba dogo ba ne. Sunan tsokana ne aka liƙa masa tun yana koyon sana'a, lokacin da sai an rage wa kujera ƙafafu kafin ya iya taka keken ɗinki. Masu tsokanar suka gaji suka bari, shi kuwa ya riƙe sunan hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta shi da jan fenti a allon shagonsa. Babur ɗin da yake wannan cika baki a kai kuma wani ɗan tsurut ne, wanda in kai ka zauna a kai gwiwoyinka za su riƙa gaisawa da haɓarka. Ta ina zai faɗi? Ai ya riga ya kusa ƙasa tun daga kamfani.

Abin alfaharinsa na biyu shi ne wandonsa. Da kansa yake ɗinkawa, kuma bai taɓa gwadawa ba. Ya yanka, ya ɗinka, ya kai gida a wanke a goge, washegari ya zura, ka gan shi cif a kan idon sawu. "Hannu ke nan," yakan ce, yana ɗaga ƙafa ɗaya don a gani.

Wanda ya fi kowa shan wannan karatu shi ne maƙwabcinsa Mai Aski, dogo na gaskiya, mutum shiru-shiru mai dariyar ƙeta a ciki. Wani siririn lungu ne kawai ya raba shagunansu, lungun da bai ɓulle ko'ina ba, sai tsintsiya da tsohon bokiti ake jinginawa a ciki.

Ranar wata Asabar da hantsi aka ji ƙasa tana rawa. Almakashin da ke kan teburin Dogo ya fara tafiya da kansa. Kowa ya leƙo, sai ga ƙanin matar Dogo, wanda ake kira Injiniya, a kan wani abu da ba a san ko babur za a kira shi ba ko rabin mota. Tanki kamar randa. Gilashi a gaba, fitilu huɗu, allo mai rubutu kamar na waya. Akwatin ƙarfe a dama, akwatin ƙarfe a hagu, wani kuma a baya wanda za a iya ajiye keken ɗinki a ciki a rufe. Injiniya ya tsaya daidai gefen dakalin shagon Dogo, ya kafa jak, ya cire hular kwano.

Bayan an gaisa ya faɗi abin da ke tafe da shi. Wurin aiki za su tura shi nesa na wata shida, shi kuma wannan babur ba ya son zama. In ya yi sati biyu ba a tayar da shi ba, batir ya mutu, tayoyi su kwanta. Yana neman wanda zai riƙe shi, ya riƙa zagayawa da shi duk mako.

"Shi ne na ce bari in roƙi Mai Aski," in ji shi.

Dogo ya ji kamar an soka masa allura a haƙarƙari. Wata shida. Wata shida a ce wannan dodo yana kwana a ƙofar shagon aski, Mai Aski yana hawa yana sauka, mata da maza suna ɗaukar hoto, shi kuma yana gefe da ɗan tsurut ɗinsa. Gara a ce shagon ne ya ƙone.

"Injiniya," ya ce, "yayarka nake aure ko Mai Aski ke aurenta?"

"Kai ne, Yaya."

"To me ya kai makullin gidanmu shagon aski? Mutumin da ko keke sai ya yi addu'a yake hawa?"

Injiniya ya sosa ƙeya. "Ba haka ba ne, Yaya. Babur ɗin ne yana da ɗan... tsawo."

Layi ya yi tsit. Ba a maganar tsawo a gaban Dogo sai in sunansa ake kira.

Dogo ya taso. Ya zare tef daga wuya, ya durƙusa, ya kafa bakinsa a ƙasa, ya ja har saman kujerar babur. "Karanta," ya ce.

"Talatin da huɗu."

Dogo ya shiga shago ya fito da littafin awo, wanda ya ci duniya har bangonsa ya koma kamar fata. Ya buɗe shafin farko, inda ya rubuta awon kansa tun ranar da ya buɗe shago. "Karanta nan kuma."

"Dogo. Tsawon wando, talatin da takwas."

"Kai ne ka yi boko mai zurfi. Talatin da takwas a cire talatin da huɗu?"

"Huɗu."

"Rarar inci huɗu ke nan. Ko kalmasa zan yi wa ƙafar, akwai yadi."

Shi Injiniya mutumin lissafi ne, da ka nuna masa lamba a rubuce jikinsa ya mutu. Ya dubi littafi, ya dubi Dogo, ya sake duban littafi. Idonsa na faɗa masa abu ɗaya, takarda na faɗa masa wani, ya bi takarda. Mai Aski ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna karatun safe na shekara da shekaru, ya mayar da bakinsa ya rufe, ya jawo benci ya zauna.

"To shi ke nan, Yaya," in ji Injiniya. "Ka zaga layin nan sau ɗaya, ka dawo ka tsaya, ka kafa jak, ka sauka da ƙafarka. In ka yi haka, makulli naka ne wata shida. In ba haka ba, na Mai Aski ne."

"Sau ɗaya kawai? Ka raina ni."

Aka kifa masa hular kwano, ta sauko har kafaɗa. Ya hau dakali, daga dakali ya ɗaga ƙafa ya haye babur kamar mai hawa katanga. Ƙafarsa ta dama na kan dakali, don haka komai ya zauna daidai. Ya miƙar da babur, Injiniya ya ture masa jak, ya danna maɓalli, inji ya yi gurnani, ya saki kuloci.

Gaskiya ɗaya ce, abokina, kuma zan faɗe ta ko da Dogo ne zai ci riba: babur ɗin nan ya yi. Da taya ta fara juyawa, duk nauyin nan ya ɓace kamar an sauke shi a ƙofar shago. Ramukan layin da suka shekara suna kaɗa masa hanji a kan ɗan tsurut, yau sai ya ga rami ya taho, ya ga rami ya wuce, bai ji komai ba. Ya ɗan murɗa totur, babur ya miƙe kamar an ja zare a cikin siliki. Daga can sama yana hango rufin motoci, yana hango shanyar mutane a bayan katanga. Tun da aka haife shi bai taɓa kallon tsakiyar kan wani ba sai yau, har ya gano mai gyaran waya yana da sanƙo. Wani daɗi ya cika masa ƙirji, idonsa ya kawo ruwa. A ransa ya ce, ashe haka dogaye ke ji, shi ya sa ba su da yawan magana.

A kwanar farko wata tsohuwa ta sako ƙafa za ta tsallaka. Dogo ya taka birki a hankali, birki ya kama lafiya lau. Ya sauke ƙafar hagu don ya dafa ƙasa.

Babu ƙasa.

Ya miƙa yatsu, ya laluba. Iska. Ya gwada ta dama, nan ma iska. Babur ya fara karkata, duk nauyin da ya bari a ƙofar shago ya dawo masa lokaci ɗaya har da riba. Allah ya taimake shi tsohuwa ta haye, ya murɗa totur, dodo ya miƙe ya ci gaba.

A nan ne lissafin ya warware masa, zufa ta keto. Tela yana auna wando ne daga ƙugu zuwa idon sawu. Shi kuma ɗan Adam, tun da aka halicce shi, ba a kan ƙugunsa yake zama ba. Daga inda ake zama zuwa ƙasa, abin da Dogo ya mallaka bai kai talatin ba ko da takalmi.

Amma Dogo ba ya rasa dabara. Dakali ya hau da shi, dakali zai sauke shi. Ya kammala zagaye yana murmushi a cikin hula, ya shawo kwanar layinsu, sai gabansa ya faɗi. Motar raba lemo ta zo ta shimfiɗa jikinta tun daga farkon dakalin har ƙarshensa, direba ya kulle ya tafi neman abin karyawa.

"Yaya, tsaya a nan tsakiya," Injiniya ya ɗaga masa hannu.

"Ban gama sauraron injin ba," in ji Dogo, ya wuce.

Zagaye na biyu, mutane sun ƙaru.

"Dogo, yaya ka ji shi?"

"Laushi kamar katifa. Sai dai giya ta biyu tana son a saba da ita." Ya wuce.

Zagaye na uku, Mai Aski ya miƙe ƙafa a kan benci. "Maƙwabci, birkin fa?"

"Yana nan lafiya."

"To gwada mana mu gani."

"Ba a gwada birki a gaban jama'a." Ya wuce.

A bayan layi, inda babu mai ganinsa, ya shiga shawara da kansa. Bari mai ya ƙare, sai a ce laifin tanki ne. Ya leƙa allo, allo ya ce man da ke ciki zai kai shi kilomita ɗari huɗu da tamanin. Zagayen layin nan duka-duka kilomita ɗaya ne. Ya lissafa, ya ga sai gobe war haka. Ya kuma tuna cewa ko man ya ƙare, ƙasa ba za ta taso ta tarye shi ba.

Sai ya tuna Injiniya ya ce babu abin da babur ɗin nan ba shi da maɓallinsa. To lallai akwai na durƙusawa, kamar raƙumi. Ya fara dannawa ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ɗaga gilashin gaba har ya wuce kansa. Na biyu ya kunna fitilu huɗu suna ƙyaftawa. Na uku bai nuna komai ba, na huɗu ma haka, ya ƙara danna su sau uku-uku don haushi. Kafin ya kai kwana ya ji tafin hannunsa na ɗumi. Kafin kwana ta gaba ya ji kujera ta ɗauka. Ashe babur ɗin an yi shi ne har da masu shiga ƙasashen ƙanƙara, yana gasa wa mai shi hannu da mazauni. Ga rana ta take, ga Dogo a kan tanda.

Zagaye na tara ya zo wucewa a tsaye a kan matakai, ɗuwawu a sama.

"Kai, kun ga salo," in ji mai gyaran waya.

"Haka ƙwararru ke yi in za su shiga daji," in ji Injiniya, mamaki ya kama shi. "Yaya, a ina ka koyi wannan?"

"Tsohon hannu ne," in ji Dogo da wata siririyar murya, ya wuce.

A bayan layi akwai inda ake gini, an juye yashi tuli guda a bakin hanya. Dogo ya ce alhamdu lillahi. Zai cusa tayar gaba a ciki, babur ya kafe, ya zame ya sauka, ya dawo ya ce yashi ne ya riƙe shi. Ya saita tulin, ya rufe ido. Abin da bai sani ba, irin wannan wuri shi ne abincin babur ɗin. Ya haye yashin nan kamar ana shafa masa kai, ya tashi sama, ya dira a ɗaya gefen ko girgiza bai yi ba. Magina suka ajiye cebur suka yi tafi. Takalmin Dogo na hagu ya zauna a kan yashi, shi kuma ya yi gaba.

A zagaye na goma sha huɗu ne aka aika aka kira matarsa. Ta zo da mayafi a kafaɗa, hannunta da kumfar wanki, ta tsaya kusa da ƙaninta. Sau ɗaya ya wuce ta gabanta. Ba ta kalli babur ba, ba ta kalli fitilu ba, ƙafafun ta kalla, ɗaya da takalmi ɗaya da safa, suna lilo a sama kamar na yaro a kan teburin asibiti.

"Ba zai iya sauka ba," ta ce.

"Haba Yaya, ai ya auna. Yana da rarar inci huɗu."

"Shi ya auna?"

"Shi."

"To ba zai iya sauka ba."

Da ya sake zagayowa ta matsa bakin hanya, ta yi ƙasa da murya don ta rufa masa asiri. "Baban yara, ka taho a hankali su riƙe maka."

"Su riƙe me? Koma gida, iska nake sha."

Mai Aski ya miƙe yana naɗe hannun riga. "Maƙwabci, mu huɗu ne nan, za mu cafe ka. Ba wanda zai ji."

Ba wanda zai ji, alhali layin ya cika har kan katanga. Dogo ya san in aka cafe shi makulli ya tafi, karatun safe ma ya tafi. Ya wuce yana cizon leɓe, hayaƙi na neman tashi daga wandonsa.

A nan ne lungun nan ya faɗo masa a rai. Ya taɓa auna shi lokacin da yake son sa masa ƙofa: inci arba'in. Ya dubi kan babur daga wannan hannu zuwa wancan, idon tela ya ce talatin da takwas. Rarar inci biyu. Zai shiga a hankali, ya taka birki, ya dafa bango da hannu, ya sa ƙafa ya kafa jak, ya sauka kamar sarki. An tsaya, an kafa jak, an sauka da ƙafa. Sharaɗi ya cika.

Zagaye na goma sha bakwai ya danna hon, mutane suka dare. Ya karya kan babur ya nufi lungu. Kai ya shige sumul, inci ɗaya a dama, inci ɗaya a hagu, har Dogo ya fara washe baki. Gaba kawai ya auna. Akwatunan baya ba su shiga lissafi ba.

Aka ji ƙuuuu, kamar ana jan tukunya a kan siminti. Bangon tela ya kama akwatin hagu, bangon aski ya kama na dama. Madubin shagon Mai Aski ya faɗo daga ƙusa. Inji ya yi tari sau ɗaya ya mutu. Babur ya tsaya ƙiƙam, a miƙe, ko jak ba ya buƙata.

Sai aka ji murya daga cikin lungu.

"Ku shaida, bai faɗi ba."

"Mun shaida," in ji Mai Aski. "Saura sauka."

To fa. A gaba gilashin da ya ɗaga da hannunsa ya tare. A baya babban akwati. Dama bango, hagu bango, ƙasa kuwa tana can inda ya bar ta tun hantsi. Ga kujera ba ta huce ba. Ya yi mutsu-mutsu, ya yi 'yan dabaru, hula ta juya ta rufe masa fuska. Daga ƙarshe Mai Aski ne ya taka akwati, ya miƙa dogayen hannuwan nan, ya kama shi ta hammata, ya zaro shi kamar ana cire yaro daga bahon wanka, ya dire shi a gaban jama'a.

Injiniya ya leƙa ya ga yadda bango ya yi wa akwatunansa zane, ya dafe kai. Bai yi faɗa ba, don mijin yaya ne. Ya haura ya zare makulli, ya sa a tafin Mai Aski.

Kai da kanka ka san nan ne ya kamata Dogo ya yi shiru ya nemi takalminsa. Amma borin kunya ya riga ya hau shi.

"Kuskuren lissafi ne kawai," ya ce, yana fifita bayansa da littafin awo. "Na ɗauko daga ƙugu maimakon daga mazauni, kowane babban tela yana iya yin haka. Amma ƙafa dai talatin da takwas ce, babu mai taɓa min wannan. Ga shaida a jikina. Talatin da takwas na yanka wandon nan, ku dube shi, cif."

Matarsa ta share kumfar hannunta a mayafi. Ta zare tef ɗin daga wuyansa, ta kafa a ƙugunsa, ta sake shi har idon sawu. "Ƙanina, kai ne mai boko. Karanta."

Injiniya ya sunkuya. "Talatin da biyar."

"Tef ɗin ya miƙe," in ji Dogo. "Zafi ne."

"Ba zafi ba ne, baban yara. Shekara goma sha tara kana kawo min wando talatin da takwas in wanke in goge. Ni kuma in yanke uku, in kalmashe, sannan in goge, don kada ka share mana layi da shi."

Dogo ya dubi wandonsa, ya dubi kalmasar. Sai yau ya lura ɗinkin hannu ne.

"To ina... ina guntayen?" ya tambaya.

"Matashin nan da kake yabo kullum, kana cewa ba ka taɓa kwana a kan mai laushinsa ba?" Ta naɗe tef ta mayar masa a wuya. "Tsawonka ne a ciki."